Yadda ake haɗa ƙugiyar kamun kifi mai haske a duhu, da haɗarin da ke cikin aikin

Duk wanda ya taɓa mallakar agogon hannu mai allurai da ke nuna kore cikin dare ya riga ya san sinadarin da wannan bayani zai yi magana a kansa. Irin wannan hoda ce masu fatsa a Amurka da Kanada da Japan suke shafa wa ƙugiyoyinsu domin kifi ya hango su a ƙarƙashin ruwa, inda hasken rana bai isa ba. Da yawa daga cikinsu ba sa sayen ƙugiyar a kanti, a gida suke haɗa abinsu. Aikin ba shi da wuya, kayansa ba su da yawa, amma akwai matakin da idan aka yi sakaci da shi, illarsa za ta faɗa kan yaran gida.

Mene ne ƙoton yaudara?

Mai fatsa a ƙasarmu ya saba da soka tana ko ɗan ƙaramin kifi a ƙugiya. Ƙoton yaudara kuwa abu ne da aka ƙera da itace ko roba ko ƙarfe, wanda idan aka ja shi cikin ruwa yake motsi kamar abu mai rai. Babban kifi ya zaci abinci ne, ya kai hari, ƙugiya ta kama shi.

Sana'ar ta daɗe a hannun masu ƙira a gida. A shekarar 1936 wani masunci ɗan ƙasar Finland, Lauri Rapala, ya lura cewa manyan kifaye sun fi kai wa ƙaramin kifi mai rauni hari, wanda ke iyo a karkace. Sai ya sassaƙa ɗan kifi da ɓawon itace mai taushi, ya naɗe shi da takarda mai ƙyalli, ya rufe da narkakken fim ɗin hoto. Daga nan kamfanin Rapala ya samo asali.

Nau'in da ya fi sauƙin haɗawa shi ne wanda Turawa ke kira jig: ƙugiya ce da aka zuba wa dunƙulen ƙarfe a wuya domin ta nutse, aka ɗaura mata gashi ko roba a baya. Ana sake ta ta sauka, a fizgo ta sama, a sake sakinta. Nauyin da aka fi amfani da shi a ruwan tafki ya kama daga giram 3.5 zuwa 14.

Daga ina hasken yake fitowa?

Hodar ba ta ƙirƙirar haske da kanta. Tana shan haske daga rana ko fitila, ta adana shi, sannan ta riƙa sakinsa a hankali. Iri biyu ne a kasuwa. Tsohuwar ita ce zinc sulfide, wadda haskenta ke dusashewa da wuri. Sabuwar ita ce strontium aluminate, wadda kamfanin Nemoto na Japan ya fito da ita a 1993 da sunan LumiNova. Ta fi tsohuwar haske da daɗewa kusan ninki goma, kuma ita masu haɗa ƙugiya suka fi nema.

Akwai masu ɗari-ɗari da duk abin da ke haske a duhu, kuma tsoron yana da tushe. A shekarun 1920 mata ma'aikata a wata masana'antar fentin agogo da ke jihar New Jersey ta Amurka sun kamu da munanan cututtuka na ƙashi, wasu suka mutu, saboda fentin yana ɗauke da sinadarin radiyam, su kuma suna lasar bakin buroshi domin ya yi tsini. Hodar yau ba ta ɗauke da radiyam, ba ta fitar da irin wannan tururi mai cutarwa. Abin da ake buƙata kawai shi ne a rufe hanci lokacin aiki da ita, kamar kowace ƙura.

Game da launi, kore ne ya fi haske, sai shuɗi mai ratsin kore. Ja da ruwan goro suna mutuwa da wuri. Hakan ya yi daidai da halin ruwa, domin ruwa yana shanye jan haske tun cikin mitoci kaɗan na farko, kore da shuɗi ne ke kaiwa nesa.

Kayan aiki da matakai

Ana buƙatar ƙugiya mai nauyi a wuya, farin fenti, hodar haske, gam mai haɗi biyu marar launi irin Araldite, zare mai ƙarfi, ƙaramin buroshi, da gashin da za a ɗaura. A Amurka gashin wutsiyar barewa suke amfani da shi. Farin gashin kaza ko na wutsiyar akuya zai yi aikin.

Da farko a goge kan ƙugiyar da ƙyalle mai sanitaiza ko sifirit domin maiƙo ya fita. Sai a shafa farin fenti, a bari ya bushe sosai. Wannan shi ne matakin da masu koyo suka fi tsallakewa, alhali rabin hasken a nan yake. Fari yana maido da haske waje, baƙi ko launin ƙarfe kuwa yana shanye shi.

Na biyu, a kwaɓa hodar cikin gam, kashi ɗaya na hoda cikin kashi uku ko huɗu na gam. Hodar ba ta narkewa, ƙwayoyi ce kamar yashi mai laushi, kuma tana kwantawa a ƙasa idan aka daina juyawa. Kada a daka ta don ta ƙara laushi, domin manyan ƙwayoyi sun fi haske. Kada kuma a zuba ta cikin fenti mai launi, zai binne ta.

Na uku, a shafa shafi biyu ko uku marasa kauri, ana jira kowanne ya kama jikinsa. A riƙa juya ƙugiyar a hannu na wasu mintuna don kada gam ya taru gefe ɗaya. A zura tsinke a idon ƙugiyar tun gam bai bushe ba.

Na huɗu, a ɗaura gashin da zare a bayan kan, tsawonsa ya ɗan wuce lanƙwasar ƙugiyar, a ɗiga gam a kan ƙullin.

Na ƙarshe, a rufe kan gaba ɗaya da gam zalla marar hoda. Wannan rufin ba ado ba ne. Strontium aluminate yana lalacewa idan ya daɗe yana shan ruwa, haskensa ya tafi. Sai an bar ƙugiyar ta kwana ta bushe kafin a jefa ta ruwa.

Akwai wata hanya da ta yaɗu a Amurka, wato busasshen fenti na gari. Ana ɗumama kan ƙugiyar a wuta na 'yan daƙiƙoƙi, a tsoma shi cikin garin, fentin ya narke ya manne, sannan a gasa a zafin kusan digiri 175 na minti 15 zuwa 20 don ya yi tauri. Tandar da aka yi wannan aiki a cikinta ba a sake gasa abinci da ita.

A bakin ruwa, ana cika ƙugiyar da haske kafin a jefa. Ƙaramar tocila mai shuɗin haske, irin wadda 'yan kasuwa ke duba jabun kuɗi da ita, ta fi komai saurin yin hakan, daƙiƙoƙi kaɗan sun isa. Hasken yana da ƙarfi a mintunan farko, sai ya ragu, don haka ana sake haska ta kowane minti 15 zuwa 30.

Inda haɗarin yake

Dunƙulen da ke wuyan ƙugiyar yawanci dalma ne, saboda tana da nauyi, tana da araha, kuma tana narkewa a digiri 327 kacal, zafin da gawayi ke kaiwa cikin sauƙi. Wannan sauƙin ne ke jan mutum ya narka ta a tsakar gida.

Mai karatu bai manta da abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba, lokacin da gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Dutsen zinare mai ɗauke da dalma ake niƙawa a cikin gidaje, ƙurarsa ta zauna a ƙasa inda yara ke rarrafe. Sana'ar daban ce, amma hanyar gubar ɗaya ce: ƙura, hannu, baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jiki da aka san ba ya cutarwa. A jikin yaro tana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma illar ba ta warkewa, ko da babu wata alamar ciwo a fili.

Saboda haka hanya mafi aminci ita ce a sayi kan ƙugiyar da aka riga aka zuba, a tsaya ga fenti da ɗauri. Wanda ya ce lallai sai ya zuba da kansa, ya yi a fili nesa da gida, da tukunyar da ba za ta sake komawa kicin ba. Kada yaro ko mai juna biyu su matso. Kada a ci ko a sha a wurin. Kada a goge dalma da zarto ko takardar yashi, ƙurar ce ta fi illa. A wanke hannu da sabulu, a canza tufafi kafin shiga ɗaki. Ɗigon ruwa ɗaya da ya shiga narkakkiyar dalma yana sa ta fantsama ta ƙona fuska, don haka mazubi da cokali su bushe ƙayau. Fasa tsohon batirin mota don ciro dalma kuwa haɗari ne a kan haɗari, saboda ruwan batir da sauran gubar da ke ciki.

Akwai madadi. Kuza, wadda aka daɗe ana haƙa a Jos, tana narkewa a digiri 232, kuma ba ta da gubar dalma. Ta fi dalma rashin nauyi da kusan kashi ɗaya cikin uku, sai a ƙara girman kan. Wasu kuma suna manna ƙaramin notin ƙarfe a wuyan ƙugiya da gam, ba tare da narka komai ba. Ingila ta hana yawancin ƙananan dalmar fatsa tun 1987, bayan an gano tana kashe tsuntsayen ruwa da ke haɗiye ta.

Shin za ta yi aiki a ruwanmu?

Ƙugiya mai haske ta yi suna ne a wurare biyu: tafkunan arewacin Amurka da Kanada, inda ake huda ƙanƙara a yi fatsa a cikin ruwa mai duhu, da kuma teku mai zurfi, inda ƙananan halittu da yawa suke haske da kansu, har manyan kifaye suka saba bin hasken. A ruwan kogi da tafki kusan babu irin waɗannan halittu, don haka amfanin hasken a nan shi ne kawai ya sa kifi ya ga ƙoton.

Wannan ya nuna kifin da ya kamata a nufa. Giwan ruwa, da ake samu a Kainji da tafkin Chadi, mafarauci ne mai idon gani a duhu, kuma an san shi da kai wa ƙoton yaudara hari. Tsage ma da ido yake farauta. Tarwaɗa kuwa da gashin baki da ƙamshi take neman abinci, tana ko hanjin kaza sun fi mata fenti. Karfasa ma ba ta cika bin irin wannan ƙoto ba. Haka kuma da damina, lokacin da ruwa ya yi ja da laka, hasken ba ya wuce taƙi kaɗan. Lokacin rani, da asuba ko bayan magariba, a ruwa mai zurfi da ya kwanta, nan ne aka fi sa ran ganin bambanci.

Hanyar gwaji mai sauƙi ce. A haɗa ƙugiya biyu masu nauyi ɗaya da gashi iri ɗaya, ɗaya mai haske, ɗaya farar zalla. A yi fatsa da su a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya, na kwanaki da dama, ana rubuta abin da kowacce ta kama. Kafin a jefa kuma, a nemi izinin sarkin ruwa ko hukumar da ke kula da madatsar, domin kowane ruwa yana da ƙa'idarsa. Ƙugiyoyin da aka gama a ajiye su cikin akwati mai murfi a wuri mai tsawo, saboda abu ne mai haske, mai kama da kayan wasa, kuma yaro zai so ya kai shi baki.