Naɗin kocin Super Eagles a 2025

A ranar 7 ga Janairu 2025 Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Najeriya, wato NFF, ƙarƙashin shugabancin Ibrahim Musa Gusau, ta naɗa Éric Chelle kocin Super Eagles. Shi ne ɗan Afirka na farko wanda ba ɗan Najeriya ba da ya riƙe wannan muƙami.

Asali

José Peseiro, ɗan ƙasar Fotugal, ya bar aikin bayan Côte d'Ivoire ta doke Najeriya da ci 2–1 a wasan ƙarshe na gasar cin kofin Afirka a Fabrairu 2024. Finidi George ya gaje shi a Afrilu, amma ya yi murabus a Yuni bayan kunnen doki da Afirka ta Kudu da kuma shan kashi a hannun Benin. A Agusta hukumar ta sanar da Bajamushe Bruno Labbadia, sai dai maganar ta wargaje saboda batun haraji, Augustine Eguavoen ya yi riƙon ƙwarya.

Zaɓen Chelle

Kwamitin fasaha na NFF ne ya gabatar da sunan Chelle, kwamitin zartarwa ya amince. Chelle tsohon ɗan wasan Mali ne, ya kuma kai ƙasar zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a waccan gasar. Babban aikin da aka ɗora masa shi ne samo gurbin gasar cin kofin duniya ta 2026, alhali Najeriya tana da maki 3 kacal daga wasanni 4. A wasansa na farko, a Maris 2025, Najeriya ta doke Ruwanda 2–0 a Kigali.