Shuɗiyar Hula Ba Ta Tare Nakiya

A da, in soja ya sa shuɗiyar hular Majalisar Ɗinkin Duniya, masu faɗa kan ɗaga masa ƙafa, don kowa ya san rabon faɗa ya kawo shi. Mali ta rushe wannan zato. Rundunar Majalisar, MINUSMA, da aka kafa a can a 2013 ta rasa mutum sama da 300 kafin ta tattara nata ya nata a ƙarshen 2023, fiye da rabinsu kuwa hari ne ya ci su.

Waɗanda suka mutun ba baƙi ba ne a wurinmu. Ranar 3 ga Oktoban 2014 'yan bindiga suka yi wa ayarin sojojin Nijar kwanton ɓauna tsakanin Ansongo da Menaka, suka kashe tara. A Janairun 2019 sojojin Chadi goma suka kwanta dama a Aguelhok.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne nakiya. Ana binne ta cikin yashi, daidai inda tayar tankar mai za ta taka, a hanyar da ayari ba shi da wata sai ita. Na cikin mota mai sulke yakan fita da rauni. Na bayan a-kori-kura fa? Sai addu'a. Kuma 'yan Afirka aka fi turawa can ƙuryar arewa, Kidal da Tessalit, alhali masu jiragen leƙen asiri suna Gao.

Janar Santos Cruz na Brazil ya ja kunnen Majalisar tun a rahotonsa na 2017 cewa hular ta daina ba da kariya. Gwamnatin da ba za ta iya ba sojanta mota mai sulke da jirgin kwasar masu rauni ba, kada ta tura ɗan kowa.