Tabaran da ke rine kansa in ya ga rana

Ƴan uwa ƴan kasuwa, kun sha ganin tabaran nan da ke fari tas a ɗaka, da an fita rana sai ya yi baƙi. Ba siddabaru ba ne. Na farko, wanda kamfanin Corning na Amurka ya fitar a shekarun 1960, sinadarin azurfa ke cikinsa. Na roba da muke saye yanzu kuwa, rini aka cusa masa.

Ƙwayar rinin a naɗe take, ba ta da launi. Da hasken rana ya taɓa ta sai ta warware, ta yi duhu. An koma inuwa ta sake naɗewa.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne ɗan reshen da masana ke liƙa wa ƙwayar. Uwar rinin ɗaya ce, amma a canza mata reshe guda, sai launi ya tashi daga ruwan ɗorawa ya koma ja ko shuɗi. Wani reshen kan sa duhun ya washe nan da nan, wani kuma sai kin shiga rumfa kin daɗe kina laluben canji.

Sai dai zafi na hanzarta naɗewar. Shi ya sa a bazarar Damagaram tabaran ba ya baƙi kamar lokacin hunturu, kada ki ce mai shago ya cuce ki. Kafin ki biya, fita da shi rana, ki dawo inuwa, ki ƙirga mintin da zai yi kafin ya washe.