Wa Ke Shanye Ruwan Fadama? Yadda Ake Auna Shi Daga Sama

Yau fadamar Haɗeja da Nguru za mu leƙa, inda kogin Haɗeja da na Jama'are ke malala kafin ragowar ruwan ya bi Komadugu Yobe zuwa Tafkin Chadi.

Tun da aka gama dam ɗin Tiga a 1974, aka ƙara da na Challawa a 1992, ake ta muhawara a kan rabon ruwan nan. Masu noman rani na sama suna so, Kano na son na sha, manoman shinkafa da masunta da makiyaya na ƙasa suna jira. Amma akwai wani mai babban kaso da ba a gayyatarsa taro, wato iska. Rana na ɗebe ruwa daga saman tafki da jiƙaƙƙiyar ƙasa, tsirrai kuma su zuƙo shi ta saiwa su fitar ta ganye, duk ya tashi ya zama tururi.

Kar ku raina shi fa. Milimita 1 na ruwa a kan hekta 1 lita 10,000 ce. A ce milimita 5 ta tashi a yini, lita 50,000 ke nan, jarka 2,000 mai lita 25, daga hekta ɗaya tak.

To ya ake auna abin da ido ba ya gani? Ku tuna da randa. Ruwanta na sanyi ne saboda wanda ke tsatsowa ta jikinta yana bushewa, yana tafiya da zafi. Haka fili yake: inda ruwa ke tashi sosai ya fi sanyi, busasshen wuri kuwa ya ɗau zafi. Taurarin ɗan'adam na Landsat 8 da Landsat 9 na ɗauke da na'urar auna zafin doron ƙasa, kowannensu kuma na dawowa kan wuri ɗaya duk kwana 16.

Daga nan sai lissafi, kamar na mai kanti. Ana ƙirga ƙarfin ranar da ya sauka a fili, a cire wanda ya shige ƙasa, a cire wanda ya ɗumama iska. Abin da ya rage shi ne ya tafi wajen mayar da ruwa tururi. Wannan ne ginshiƙin tsarin SEBAL, wanda masanin ƙasar Holan Wim Bastiaanssen da abokan aikinsa suka wallafa a 1998. A cikin hoton ana zaɓar wuri mafi zafi da bushewa, da wuri mafi sanyi da laima, sai a jera sauran a tsakaninsu.

Sai dai fadama na da wuyar sha'ani. Da damina, lokacin da ambaliya ke shigowa, gajimare na rufe wa na'urar ido. Awon zafin ma ba ya rarrabe abin da bai kai kusan mita 100 ba, ga shi a ɗan wannan fili za ka samu ruwa, da shinkafa, da ciyawar kacalla, da tudu a cakuɗe. Ruwa kuma na ɓoye zafi da rana ya sake shi da dare. Shi ya sa dole a gwada sakamakon da awon da aka yi a ƙasa, in ba haka ba a yi kitso da ƙwarƙwata.

Me ya shafe mu? Kacalla ta toshe hanyoyin ruwa a yankin, ruwa na kwanciya inda ba a buƙatarsa, wasu garuruwan kuma na jiransa. Irin wannan awo zai nuna nawa ke tashi daga dajin kacalla, nawa daga gonaki. A ganina, wanda ya je zaman rabon ruwa da alƙaluma ya fi wanda ya je da ƙorafi kawai.

Kuma ƙofar a buɗe take. Hotunan Landsat kyauta ne, hukumar FAO ma na da shafin WaPOR mai nuna wannan lissafi a faɗin Afirka, shi ma kyauta. Ɗalibanmu na jogurafi da aikin gona, ga abin bincike a bakin ƙofa.

'Yan Haɗeja, Nguru da Gashuwa, ku faɗa mana a ƙasa: ya ruwan fadamarku yake bana? Sai mun haɗu a shiri na gaba.