Glen Friedman: Yaron da ya fara da hoton abokansa

Kafin ka sake cewa "ai ni ba ni da kyamara mai kyau", tsaya ka ji labarin Glen E. Friedman.

An haife shi a 1962 a Amurka, ya taso a birnin Los Angeles. Shi ma ɗan wasan sketbod ne, wato katakon nan mai tayoyi huɗu da matasa ke hawa suna zamiya. A 1976 fari ya afka wa jihar Kalifoniya, wuraren ninkaya na gidaje da dama suka zauna babu ruwa. Sai matasa suka riƙa shiga cikinsu da katakonsu, suna hawa bangon ramin suna saukowa.

Glen yana cikinsu, yana da shekara 14, da 'yar ƙaramar kyamarar aljihu. Manyan masu hoto baƙi ne a wajen, shi kuwa ɗan gida ne. Ya san inda ake haɗuwa, ya san lokacin da mutum zai tashi sama, tunda shi ma yana hawa. Lokacin kuma fim ake sawa, babu zancen ka ɗauki ɗari ka goge casa'in.

Mujallar SkateBoarder ta fara buga hotunansa tun yana ɗan makaranta. Ya ɗauki Jay Adams da Tony Alva, kuma hotonsa na Alva a sama da bakin rami a 1977 yana cikin fitattun hotunan wasan har yau.

Bai tsaya nan ba. Ya bi mawaƙan da ke tasowa, ya ɗauki Black Flag da Run-DMC da Beastie Boys. Hoton bangon kundin Public Enemy na 1988 aikinsa ne. A 2012 aka saka shi cikin jerin gwarazan sketbod, wasan da daga baya ya shiga gasar Olamfik a Tokyo.

To kai fa? Wayar da ke hannunka ta fi kyamararsa ta farko nesa ba kusa ba. Amma duba hotunanka: nawa ne naka kai kaɗai, nawa ne na 'yan ƙwallon layinku ko abokinka mai ɗinki? Waɗannan ba wanda ya fi ka sanin su. In ba ka ɗauka ba, nan da shekara ashirin sai dai a ba da labari da baki. Ka nemi izininsu, ka fara yau.