In Kaya Suka Tashi, Albashi Ya Bi Su?

Duk lokacin da tsadar kaya ta kai wa jama'a iya wuya, sai a ji an tayar da tsohuwar magana, watau a ɗaure albashi da farashin kaya, ta yadda in kaya suka tashi da kashi goma cikin ɗari, albashi ma ya bi su da kansa, ba sai an yi yajin aiki ko an kafa kwamiti ba. Ma'aikacin Nijeriya yana da dalilin son wannan magana. Naira 30,000 da aka yanke a 2019 ita ce mafi ƙarancin albashi har zuwa Yuli 2024, alhali kuwa a tsakani an janye tallafin man fetur, darajar naira kuma ta faɗi warwas. Dokar da ta kawo Naira 70,000 ta ce a riƙa duba albashin bayan kowace shekara uku. Shekara uku kuwa ba kwana uku ba ce ga mai cefane kullum.

Ƙarin da ake tarawa a yi shi gaba ɗaya shi ma yana da nasa ciwo. Dattawa suna tune da kuɗin Udoji, wanda aka biya da ariyas a farkon 1975, 'yan kasuwa suka tare shi tun bai shiga aljihu ba, hauhawar farashi ta wuce kashi 30 a wannan shekara.

To, amma ƙasar Italiya ta gwada ɗaurin, ta ga ƙarshensa. Tsarin nasu, wanda suke kira matakala mai tafiya da kanta, ya samo asali tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A 1975 shugaban ƙwadago Luciano Lama da shugaban masu masana'antu Gianni Agnelli suka ƙara masa ƙarfi: kowane wata uku a auna farashi, a ƙara wa kowa kuɗi daidai wa daida, lebura da injiniya. Sai tazarar albashi ta riƙa tsukewa, ƙwararru suka fara gunaguni. Babbar matsalar kuwa ita ce man fetur. Italiya sayen mai take yi daga waje, saboda haka da ya yi tsada a 1973 da 1979, ƙasar ce baki ɗaya ta yi hasara, dole wani ya ɗauki nauyin. Tsarin ya ce ban da ma'aikaci. Mai masana'anta ya ce shi ma ban da shi, ya ƙara wa kayansa kuɗi. Bayan wata uku albashi ya sake hawa, kaya suka sake binsa. A 1980 hauhawar farashi ta haura kashi 20. A Fabrairu 1984 gwamnatin Bettino Craxi ta rage ƙarin da doka. Aka kai maganar ƙuri'ar raba gardama a 1985, kimanin kashi 54 suka goyi bayan ragin, cikinsu har da masu albashin. A 1992 aka soke tsarin ɗungurungum.

Ba ko'ina ya mutu ba. Beljiyam tana tafiyar da nata, sai dai tun 1994 ta cire taba da giya da fetur da dizal daga ma'aunin, don kada tashin mai ya zarce kai tsaye cikin albashi.

A nan gida akwai ƙarin cikas. Yawancin 'yan Nijeriya ba sa karɓar albashi. Manomi da mai tireda da ɗan acaɓa ba su da matakalar da za su hau, amma tsadar da ƙarin ya jawo za ta same su a kasuwa ɗaya da ma'aikaci. Ga jihohin da ko albashin da aka yanke sai da jan ƙafa suke biya.

Sannan wa zai riƙe mudun awon? Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disamba 2024. Da ta sabunta hanyar lissafinta, sai adadin Janairu 2025 ya fito kashi 24.48, ba tare da buhun shinkafa ya sauko haka ba. Da albashi a ɗaure yake da wannan adadi, da maki goman nan sun isa su kai gwamnati da 'yan ƙwadago gaban kotu.