Haɗa Akwatin Faifai da Talabijin da Amfilifaya Domin Taron Ƙofar Hakimi

Dattawan ƙasar Argungu ba su manta da zamanin motar majigi ba. A shekarun 1950 da 1960 motar takan iso gari da la'asar, a kafa farin ƙyalle a ƙofar hakimi, in an sallame isha'i a ta da inji, mai bayani ya kama makirufo yana warware wa jama'a abin da suke gani, ko na tsabta, ko na noma, ko na yaƙi da jahilci. A wancan lokaci iyakar aikin hakimi shi ne tara mutane, gama ma'aikatan hukuma ne ke zuwa da kayansu, su haɗa, su kwance, su yi gaba. Talabijin kuwa bai soma aiki a Arewa ba sai cikin 1962, a Kaduna.

Yau al'amarin ya sake. Abin da a dā sai an ciko mota da shi, yanzu mutum ɗaya yana iya ɗaukarsa a kan babur, kuma in an zo nuna hoton rigakafin shan-inna ko na dashen shinkafa a fadama, galibi a wuyan malamin hakimi aikin haɗawa yake faɗawa. In ya kuskure, abu biyu ne kan auku. Ko dai dagatai da masu unguwa su taho daga nesa, a zauna, hoto ya fito babu murya, jama'a su watse saƙo bai isa ba. Ko kuwa a ƙone kayan da aka saya da kuɗin jama'a. An shirya wannan bayani domin a kauce wa duka biyun.

Kayan nan uku da aikin kowanne

Na farko shi ne akwatin da hoton yake fitowa daga cikinsa, ko na faifan DVD ne, ko dikoda ta tauraron ɗan'adam, ko ɗan ƙaramin akwatin nan da ake soka wa filashi. Na biyu talabijin, wanda ke nuna hoto. Na uku amfilifaya, wadda ke karɓar murya tana ƙara mata ƙarfi, ta miƙa wa lasifika. Aikinta daidai yake da na sanƙira a fada: ba ta ƙago magana, abin da aka faɗa mata shi take ɗagawa har na bayan taro ya ji. Akwai wata irinta ta zamani da ake kira risiba, wadda ke karɓar hoto da murya gaba ɗaya daga akwatuna da dama, ta riƙe muryar, ta wuce da hoton zuwa talabijin.

Abin da ya fi kome muhimmanci a gane shi ne hoto da murya hanya ɗaya suke bi, kamar ruwan da injin ban-ruwa ke jawowa daga gulbin Rima zuwa gona. Manomi bai taɓa haɗa bakin fitar ruwa na inji ɗaya da bakin fitar ruwa na wani ba. Haka nan a bayan kowane akwati akwai ramuka iri biyu: waɗanda aka rubuta wa OUT, watau mafita, da waɗanda aka rubuta wa IN, watau mashiga. Kowace waya tilas ta tashi daga mafita ta sauka a mashiga. Wanda ya riƙe wannan ya gama rabin aikin. Saboda haka kafin a aiki yaro kasuwa sayen waya, sai a juya akwatunan uku, a haska fitila, a kwafe sunan kowane rami a takarda.

Irin wayoyin da za a tarar

Tsohuwar waya ita ce mai kai uku. Mai ruwan ɗorawa na hoto ne, fari na muryar hagu, ja na muryar dama, ramukan kuma an shafa musu launi daidai da kawunan. Sabuwa ita ce HDMI, mai faffaɗan baki da 'yan haƙora 19 a ciki, wadda ta soma shiga kasuwa cikin 2003. Ita kaɗai tana ɗauke da hoto da murya, hotonta kuma ya fi na tsohuwar tsabta nesa ba kusa ba. Sai dai ba ta son nisa. In ta wuce kamar mita 10, hoto yakan soma ɗaukewa yana dawowa, don haka akwatunan uku su zauna kan tebur ɗaya, wayar lasifika ce za a tsawaita in ana bukata.

Hakiman da ke kusa da iyaka, kamar na wajen Kamba da Kangiwa, za su riƙa cin karo da kayan gwanjo da suka fito daga Faransa da maƙwabtanta. Waɗannan sau da yawa suna da wani dogon rami mai haƙora 21 da ake kira SCART. Ba lalacewa ba ce, akwai ɗan kai da ake sayarwa wanda ke juya shi zuwa waya mai kai uku.

Hanyar haɗawa

Inda aka yi dace amfilifayar irin ta zamani ce mai ramukan HDMI, aikin ba shi da wuya. Waya ɗaya ta tashi daga akwatin faifai zuwa ɗaya daga cikin mashiganta, wata kuma ta tashi daga mafitarta zuwa talabijin. Shi ke nan.

Amma amfilifayar da aka fi samu a fada da wuraren taro ita ce irin ta makirufo, wadda ba ta san hoto ba sam. A nan sai an raba hanya. In akwatin faifan yana da ramuka masu launi, a kai mai ruwan ɗorawa, ko HDMI, zuwa talabijin, a kai fari da ja zuwa ramin amfilifaya da aka rubuta wa AUX ko LINE ko CD. Lalle a kiyayi ramukan MIC da PHONO. An yi su ne domin murya mai rauni ƙwarai, irin ta makirufo da ta allurar garmaho, alhali kuwa abin da akwatin faifai ke fitarwa ya ninka wannan sau ɗaruruwa. In aka soka a can, maimakon magana sai a ji gurnani da tsatsa, wani lokaci har lasifika ta yage. Wannan kuskure ya yawaita domin ramin makirufo ne ke gaba, shi ido ke fara gani.

In kuwa akwatin ba shi da kome sai HDMI, kamar yadda ƙananan akwatunan yanzu suke, to, muryar za ta fara shiga talabijin tukuna, sa'an nan a ɗauko ta daga can. A nemi ramin da aka rubuta wa AUDIO OUT a bayan talabijin, ko ramin abin sauraro na kunne. Wasu talabijin ba su da ko ɗaya, sai wani ɗan rami mai murfi da ke fitar da jan haske, an rubuta masa OPTICAL. Ta cikinsa murya ke tafiya a matsayin haske, cikin siririyar waya mai kama da tsarkiya wadda ba ta jure lanƙwasa. Tsohuwar amfilifaya ba ta fahimtar wannan sai an sa wani ɗan akwatin tafinta a tsakani. Ga kuma wani abu da ke wahalar da mutane: bayan an sa tafintan, wajibi ne a shiga wurin saitin murya na talabijin a zaɓi PCM. In an bar shi a kan Dolby, yawancin tafintocin nan masu araha ba su gane shi, sai a ji shiru ko kuwa wani sauti kamar ana soya ƙosai.

Ƙa'idar hanya ɗaya tana da togaciya guda. Tun daga 2009 aka shigo da wani rami na HDMI da aka rubuta wa ARC, wanda ke barin murya ta komo da baya daga talabijin zuwa risiba ta cikin wayar da ta kai hoto. Ba ya aiki sai kalmar tana rubuce a jikin ramukan biyu, kuma an kunna shi a saitin kowannensu.

Bayan an gama soka waya saura a gaya wa talabijin ƙofar da zai saurara. A jikin rimot akwai maɓallin SOURCE ko INPUT. In an soka a HDMI 2, sai a zaɓi HDMI 2. Haka ita ma amfilifaya. Sau da yawa kayan da aka ɗauka har Birnin Kebbi wai sun mutu, mai gyara ba abin da yake yi musu illa danna wannan maɓalli, ya karɓi ladansa.

Lasifika

Kowace lasifika tana da waya biyu, ja zuwa ja, baƙi zuwa baƙi. In aka juya na guda ɗaya, muryar takan yi siriri, kaurinta ya ɓace. A murɗe silin tagullar da kyau, domin sili ɗaya tak in ya tsallaka ya taɓa ɗan'uwansa ya isa ya kashe amfilifaya.

Akwai wata ɗabi'a da ya kamata hakimai su tsawata a kanta, watau ɗaura lasifika huɗu ko biyar a rami ɗaya don a ji har bakin kasuwa. A bayan kowace lasifika an rubuta lamba, yawanci 8 ko 4, tare da alamar Ω, ana kiranta om. In aka haɗa masu om 8 guda biyu a rami ɗaya, sun koma 4. In huɗu ne, sun koma 2. Gwargwadon ƙanƙantar lambar, gwargwadon wutar da ake tatsa daga amfilifaya, kamar jakin da aka yi ta ƙara wa mangala. A duba lambar da aka rubuta kusa da ramin, kada a sauka ƙasa da ita. In za a yi jawabi kafin nuni, mai magana ya tsaya bayan lasifika, gama in makirufo ya fuskance ta sai ta kama kuwwa. A kuma kashe muryar talabijin ɗungum, in ba haka ba za a ji magana biyu, ɗaya na bin ɗaya.

Wuta, zafi da ƙura

Wutar lantarkin ƙasar nan bolt 230 ce, ta Amurka kuwa 120. Duk akwatin da aka kawo tsaraba daga waje, a karanta 'yar takardar da ke manne a bayansa. In an rubuta 100–240V babu damuwa. In 110 ko 120 kaɗai aka rubuta, soka shi sau ɗaya ya isa ya ƙone.

Inda janareta ake amfani da shi, a ta da shi kayan suna cire, a bari ƙararsa ta daidaita, sa'an nan a soka, zai fi kyau ta cikin sitabilaiza. A kunna akwatin faifai, sai talabijin, amfilifaya a ƙarshe, maɓallin ƙararta yana ƙasa. Wajen kashewa ita ce ta farko. Dalili shi ne kowane akwati yakan yi 'yar tsawa lokacin da wuta ta shige shi, in amfilifaya tana buɗe sai ta ɗaga tsawar ta buga wa lasifika. Kada kuma a bari mai ya ƙare janareta ya mutu da kansa, domin shaƙewar da yake yi kafin ya tsaya tana hawa da sauka da wuta. In aka ji wani gunji maras yankewa a lasifika, a soka akwatunan duka a soket ɗaya, a raba wayar murya da wayar janareta kada su kwanta tare.

A watannin bazara zafin ƙasar Argungu yakan haura digiri 40, amfilifaya kuma da nata zafin. Ramukan da ke samanta na shan iska ne. Kada a ɗora mata akwatin faifai a kai, kada a lulluɓe ta da darduma tana aiki. Lulluɓi sai an kashe, musamman da hunturu lokacin da ƙura ke toshe idon faifai. Da damina kuwa, da zarar hadari ya taso a zare fulogi, a kuma kwance wayar da ta sauko daga faranti ko eriya, gama ta nan tsawa ke shigowa ko da akwatin a kashe yake.

Abin da ya rataya a wuyan malamin hakimi

Ya kamata kowane akwati ya shiga littafin kayan ofis da sunansa da lambar jikinsa, har da rimot da wayoyi, domin su ne ke saurin yin ƙafa. Ranar da aka yi nasarar haɗawa, malam ya manna wa kowace waya 'yar takarda a kai biyu, ya zana taswirar haɗin ya liƙa a murfin akwatin ajiya, don ko ba ya gari wani ya iya. Mutum ɗaya za a ɗora wa alhakin taɓa kayan. Samarin gari masu cewa sun iya, a gode musu, a ba su aikin shimfiɗa tabarmi.

Gwaji kuwa da rana ake yinsa, da ainihin faifan ko filashin da za a nuna, ba da wani ba. Hoton bikin kamun kifi na Matan Fada, wanda aka faro tun ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu cikin 1934, ya dace da gwada lasifika, domin akwai kiɗa mai kauri da hayaniyar taro da maganar mai bayani duk a ciki. Malam ya sa shi, ya taka har inda sahun ƙarshe na mata da yara zai tsaya, ya saurara. In daga can yana rarrabe kalmomin mai bayani, sai ya sa wa maɓallin ƙara alama da alli a daidai wurin, ya kashe, ya sanar da hakimi cewa ana iya aika wa dagatai.